Uban yaro ya ce ba nasa ba ne, ga yaron yana buƙatar magani: ta ina za mu fara?

Maman Iman (Agege): Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ce mijinta ya sake ta da cikin wata 4, ta haihu a gidanmu. Yaron ya yi ciwon shawara yana jariri, yanzu shekararsa 3, ko zama ba ya iyawa. Uban yana aiki a wani kamfani a Apapa, suna da inshorar lafiya ta iyali, amma ya ƙi sa yaron, wai ba nasa ba ne. Takardar haihuwa ma ba mu yi ba. Kuɗin gashin ƙashi (fisiyo) a asibiti ya fi ƙarfinmu. Don Allah a ba mu shawara.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ku je ku yi gwajin DNA kawai a huta.

Anti Lauya: A'a, Baban Sadiq, kada su fara da nan. Gwajin yana da tsada, kuma wanda aka yi a ɓoye ba da umarnin kotu ba, lauyansa zai iya ƙalubalantarsa. Maman Iman, doka tana bayanku tun kafin gwaji. Sashe na 165 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce ɗan da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan rabuwa matuƙar uwar ba ta sake aure ba, kotu za ta ɗauke shi ɗan mijin ne. Ita wata 5 kacal bayan saki ta haihu. Ke nan shi ne zai kawo hujjar cewa ba nasa ba ne, ba ku ba. Ku nemo takardar saki mai kwanan wata, katin awon ciki, da mutum biyu da suka halarci ɗaurin aure. In ya dage, kotun iyali na da ikon sa a yi gwajin, kuma a nan ne za a yanke masa kuɗin ciyarwa da magani, a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Yara ta Legas ta 2007.

Malam na Idi-Araba: A shari'a ma haka ne, ɗa na mai shimfiɗa ne. Ba a kore ɗan aure da fatar baki, sai da li'ani, wato rantsuwar kore ɗa, a gaban alƙali, wanda kuma ya san da cikin ya yi shiru ya makara. Waye ya yanka ragon suna?

Maman Iman (Agege): Wansa ne ya kawo, Malam. Muna da hotuna.

Malam na Idi-Araba: To ki adana su da kyau. Ku fara kai maganar gaban waliyyai da limamin da ya ɗaura auren, ko fadar Sarkin Hausawan Agege. Amma in ya amsa, a rubuta ya sa hannu. Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati, sulhun baki kawai ba zai yi muku aiki a kamfani ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ni 'yata kurma ce, na bi hanyar nan. 'Yar uwa, kada ku ajiye yaro kuna jiran uba ya sauko, gashin nan tun yana ƙarami ya fi amfani. Ku je LASODA, ofishin jiha na masu buƙata ta musamman da wata dokar jiha ta 2011 ta kafa, ku yi masa rajista. Ku riƙe rahoton likita, daga asibitocin koyarwa na LUTH ko LASUTH ko babban asibitin da yake zuwa. Uwar ta yi katin LASRRA, wato katin rajistar mazauna Legas, kusan komai na jiha sai an tambaye shi. Takardar haihuwa kuma ta hukumar ƙidaya, NPC, ita ce ake nema, ba katin asibiti ba. Ku tambayi Ilera Eko ma, inshorar jiha ce.

Anti Lauya: Na manta: in babu kuɗin lauya, lauyoyin ofishin OPD na gwamnatin Legas suna tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Akwai kuma FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata.

Maman Iman (Agege): Allah ya saka da alheri, wallahi har na ji sanyi. Takardar sakin tana wurin kawunmu a Mile 12, gobe da sassafe zan karɓo. Hajiya, zan biyo ki ta waya ki raka mu ranar Litinin.