Kiredit ɗin AP na sakandare zai wadatar a fiziks wajen neman makarantar likitanci a Amurka?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. 'Yata ta samu maki 5 a AP Physics 1 da maki 4 a AP Physics 2 tun tana sakandare (AP kwasa-kwasan matakin jami'a ne da ake yi tun a sakandare), don haka jami'arta ta yafe mata fiziks na shekarar farko. Yanzu tana aji biyu kuma likitanci take buri. Shin makarantun likitanci za su karɓi wannan, ko sai ta sake zama ajin? Masana a taimaka.

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Babu doka ɗaya, kowace makaranta da nata sharaɗin. Amma kafin a je nan, a fara duba takardar sakamakonta ta jami'a. Makarantar likitanci ba ruwanta da makin da College Board, hukumar da ke shirya jarrabawar AP, ta bayar, abin da jami'a ta rubuta shi take gani. Idan kiredit ɗin bai fito a takardar ba, a AMCAS, wato babban tsarin neman shiga makarantun likitanci, tamkar babu shi ne.

Fitowar ma iri biyu ce. Wata jami'ar takan rubuta sunan kwas, lambarsa da adadin kiredit. Wata kuma sai ta dunƙule, ta ce "AP, kiredit 12" kawai, ba a san nawa ne na fiziks ba. Dunƙulallen nan shi ke kawo matsala. TMDSAS, wato tsarin neman makarantun jihar Texas, ba ya karɓar kiredit ɗin AP sai an fayyace kwas da adadinsa. In haka tata take, ta je ofishin rijistara ta nemi a warware mata shi kwas-kwas.

Abin da aka saba nema shi ne fiziks na shekara guda, simista biyu, kiredit 8, haɗe da aikin ɗakin gwaje-gwaje. Ta rubuta sunayen makarantun da take so, ta duba su a MSAR, wato kundin sharuɗɗan shiga na AAMC, ƙungiyar makarantun likitancin Amurka, sannan ta tabbatar a shafin kowace makaranta, domin sharuɗɗa kan canza. Inda bayanin bai fito fili ba, ta tura imel ofishin ɗaukar ɗalibai, ta adana amsar.

Anti Binta:
Inda ake yawan zamewa shi ne ɗakin gwaje-gwaje. Akwai jami'o'in da ke bayar da kiredit na lacca kaɗai, 3 da 3, ya zama 6. Saura 2 na gwaji babu, kuma yaro ba ya farga sai yana cike fom. In sashen fiziks ya yarda a yi rijistar gwajin shi kaɗai, shi ke nan an huta.

Makarantun sun kasu: masu karɓa kai tsaye, masu karɓa bisa sharaɗin a ƙara kwas na gaba a fannin, da 'yan kaɗan da suke so a yi ajin a jami'a. Wasu ma sun daina lissafa kwasa-kwasai, ƙwarewa suke dubawa. Na tsakiyan ne ke da wahala a fiziks. A bayoloji ko kemistiri dama ɗalibi zai yi manyan kwasa-kwasai, amma fiziks na gaba yakan buƙaci kalkulas, ga shi AP Physics 1 da 2 na aljabra ne. Wadda ba ta yi kalkulas ba, sake fiziks na farko ya fi mata sauƙi da ta faɗa wancan ajin.

Ki kuma sani, kiredit ɗin AP ba shi da daraja ta A ko B, saboda haka ba ya shiga matsakaicin makin kimiyya da ake kira BCPM. Idan ta sake kwas ɗin, jami'a takan soke kiredit ɗin AP, amma A ɗin da za ta samu zai ɗaga mata BCPM. A nawa ganin wannan ciniki ne mai riba. Sai dai kada ta raina ajin don ta taɓa yi, domin makarantu da yawa ba sa karɓar darajar C-.

Dr. Gambo:
Ni ban ga dole ta sake duka biyun ba, Anti. In makarantun da ta zaɓa sun karɓa, kuɗin simista biyu da lokacinsu ba wasa ba ne. Sannan galibi kafin shiga makarantar ake so a kammala sharuɗɗan, ba kafin tura takarda ba, don haka in makaranta ɗaya ce ta ƙi, ana iya cike giɓin a shekarar ƙarshe.

Abin da zan fi dubawa shi ne MCAT, wato jarrabawar neman shiga makarantar likitanci. Sashen kemistiri da fiziks tambaya 59 ne a minti 95, kusan kashi ɗaya cikin huɗu fiziks ne, kuma ba a shiga da kalkuleta. Ana tambayar gudanar ruwa, da'irar lantarki, sauti, haske da madubin ido. Wanda ya yi AP Physics C kaɗai, wato fiziks ɗin AP mai kalkulas, ma ya fi shiga haɗari, domin manhajarsa ba ta taɓo haske da gudanar ruwa ba. Tsakanin jarrabawar Mayu ta sakandare da MCAT galibi akwai shekara uku ko fiye. Ta gwada wannan sashen na gwaji, da agogo a gabanta. In ta yi rauni a lantarki da haske, ta ɗauki fiziks na simista ta biyu da gwajinsa, ta bar ta farko a kan AP.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. Mun duba takardar, dunƙule ta suka yi. Litinin za ta je wurin rijistara in sha Allah.