Takin Funtuwa da Gyaɗar Leda

Ɗan Funtuwa:
Bismillahi zan tsara, 'yan'uwa ku saurara,
A 1975 shirin bunƙasa noma Bankin Duniya ya fara,
Funtuwa, Gusau da Gombe aka ce su yi zarra,
Ga taki, ga iri, ga hanya, tarakta aka ƙara,
Babana mai 'yar gayauna ko buhu bai gani ba.

Masu gandu suka kwasa, suka saye gonar maƙwabci,
Mu muka koma ƙodago, ladanmu kwanon abinci,
A takarda yanki ya bunƙasa, a gidanmu sai ƙunci,
Ruwan da aka yi a tudu bai gangaro mana ba.

Bamaraɗiya:
Yayana, na ji kukanka, bar ni in yi tunawa,
Fari da fara sun wuce, 2005 sai yunwa,
Gero na nan a kasuwa, tiya ta gagari talakawa,
MSF, ƙungiyar likitocin agaji, ta karɓi autarmu tana fama da tamowa,
Ba don gyaɗar ledarsu ta maganin tamowa ba, da ba ta kai damina ba.

Ɗan Funtuwa:
Ƙanwata, Allah ya raya auta ta zama kaka,
Sai dai gyaɗar nan da Kano ta yi dala da ita a baya,
Daga Faransa ta dawo a leda, abin da kunya,
Rai an ceta, na yarda, rumbu bai cika ba.

Tsohon Malami:
Ku matsa yara, ni na ga SAP, shirin tsuke bakin aljihun gwamnati, da idona,
1986 Naira ta faɗi, ta tafi da albashina,
2005 aka yafe dala biliyan 18 na bashin ƙasarmu, na ji da kunnena,
Muka biya biliyan 12 lakadan, na ce gyara zai iso ajina,
Har na yi ritaya, rufin bai daina yoyo ba.

Unguwarzoma:
Baba Malam, sannu da ruwa, ga nawa labari,
2025 Trump ya rufe USAID, hukumar agajin Amurka, babu dogon shiri,
Kwalin maganin ɗakinmu ya ragu tun da wuri,
Mai hali ta hau babur ta saya a cikin gari,
Mai goyo ta ƙauye tana benci tun hantsi, ban san me zan ce mata ba.