Haruffan Koriya: ta ina zan fara?

Ummi: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina son neman GKS, tallafin karatu na gwamnatin Koriya ta Kudu, baɗi, ga shi ko harafi ɗaya na Hangul, rubutun Koriya, ban sani ba. Ta ina zan fara?

Abban Sadik: Wa'alaikumus salam. Baƙaƙe 14, wasula 10. Sati ɗaya ya ishe ki.

Anti Rabi: Ya ishe ta ta gane su dai, karantawa kuma daban. Ummi, don Allah kada ki yarda a koya miki da rubutun boko. Wata uku na ɓata wajen wani malami a intanet, da kuɗina, kullum da boko yake rubuto mana kalmomi. Ranar da na fara magana da ƴar Koriya na ce "Se-o-ul", ta yi shiru tana kallona. Ashe "eo" ɗin nan wasali ɗaya ne, ㅓ. Wallahi har ƙwalla na yi don takaici. Na koma farko, na sayi littafin lissafi mai gida-gida, kowace gaɓa gidanta: a 한 (han), ㅎ (h) da ㅏ (a) suna sama, ㄴ (n) tana ƙasa. Na ƙasan nan, batchim, shi ke kayar da mutane. 합니다 a rubuce hapnida ne, a baki kuwa hamnida.

Malam Habu: Ai iƙlabi ke nan! Wanda ya yi tajwidi ba zai sha wuya ba.

Abban Sadik: Malam, a iƙlabi nun ce ke komawa mim gaban ba. Nan kuwa ㅂ (p) ce ta koma m.

Malam Habu: Kama na ce, Abban Sadik, ban ce ɗaya ba ne.

Nafisa: Manhajar Duolingo fa?

Anti Rabi: Don bita kawai. Shafin Talk To Me In Korean ya fi bayani.

Yusuf: Ki riƙa kallon bakinki a madubi. Sarki Sejong da ya ƙirƙiro haruffan a 1443, siffar baki ya bi wajen baƙaƙen: ㅁ (m) leɓe ne, ㄱ (g) gindin harshe ne ya toshe maƙogwaro. Ni ㄲ (kk) ce ta gagare ni, ƙ ɗinmu nake ta sakawa, malamarmu tana gyara ni.

Nafisa: Ummi kina Abuja? Cibiyar Al'adun Koriya tana koyarwa.

Ummi: Gusau nake, Anti Nafisa. Anti Rabi, littafin nan mai manyan gidaje ko ƙanana?

Malam Habu: Yusuf, gwada faɗin ㄲ ɗin ka turo mana mu ji.