Neman shawara: yadda ake rufe bakin bargon ƙyallaye da keken ɗinki

Maman Ƴan Biyu, Tawa

Assalamu alaikum, masu sana'a. Na tara ragowar atamfa na kusan shekara guda, na harhaɗa su na yi bargo mai tsawon mita 2 da faɗin mita ɗaya da rabi, na sa auduga a tsakani, na kuma bi shi da ɗinki har ya zauna. Abin da ya rage shi ne rufe bakinsa, kuma a nan ne na tsaya. Na yanka ƙyalle mai tsawo na naɗe bakin da shi, amma idan na ɗinka ta gaba sai in tarar allura ba ta kama ƙyallen ta baya ba a wurare da yawa, kusurwoyin kuma sun dunƙule kamar an cusa musu goro. Kekena Butterfly ne na ƙafa. Ina so in gama kafin sanyin Disamba ya shigo, kuma idanuna ba za su jure ɗinkin hannu na mita 7 ba. Don Allah wace hanya ce ta fi dacewa?

Tsohon Tela na Wadata, Yamai

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ina zaton kin yi ƙoƙarin kama gaba da baya da ɗinki guda, wanda shi ne abin da ke kayar da mutane da yawa, domin ba kya ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashin yadi. Aikin nan sau biyu ake bin sa. Ki yanka ƙyallenki da faɗin santimita 6, ki ninka shi biyu a tsawonsa, ki goge shi da dutsen guga har ya yi kaifi. Ga bargo irin naki za ki buƙaci mita 7 da ƙarin santimita 30 na kusurwoyi da haɗin ƙarshe, wato yanka 7 ke nan a faɗin atamfa, kuma a haɗa su a karkace don kada kaurin haɗin ya taru wuri guda.

Daga nan sai ki fara ɗinka shi a BAYAN bargon, bakin da aka yanka yana daidai da bakin bargo, ki bar milimita 6 zuwa 7 daga gefe. Idan kin zagaye, sai ki juyo da ninkin zuwa gaba, ki ja shi ya ɗan rufe layin ɗinkin farko, sannan ki taka shi dab da bakinsa. Ta haka duk inda allura za ta sauka idonki yana kai. A baya za a ga layi guda yana tafiya kusa da ƙyallen, saboda haka ki sa zare mai launin bayan bargon a ƙoshiya, wato ma'ajin zaren ƙasa, ba wanda zai lura da shi.

Maganar kusurwa kuwa, sirrinta tsayawa ne a kan lokaci. Idan ya rage milimita 6 ki kai ƙarshen gefe, ki tsaya, ki koma baya taki biyu ko uku, ki fitar da bargon daga keke. Ki ɗaga ƙyallen sama ya yi ninki a karkace kamar kunnen takarda, ki riƙe shi da yatsa, sannan ki sauko da shi a kan gefe na gaba, ninkin sama yana daidai da bakin bargo, ki ci gaba da ɗinki tun daga can sama. Wannan ɗan aljihun da ya samu shi ne yake buɗewa ya ba ki kusurwa mai tsini idan kin juya. Wanda ya zarce bai tsaya ba, shi ne yake samun goron da kika ambata.

Malama Mai Koyar da Ɗinki, Yamai

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ni ina da bambancin ra'ayi a wuri guda. Idan bargon na kyauta ne, misali na kayan ɗakin amarya, na fi son a fara ɗinkawa ta gaba, a juya ƙyallen baya, sannan a taka daga gaba a cikin ramin da ke tsakanin ƙyallen da jikin bargo. Ɗinkin yana ɓuya a ramin, fuskar bargo ta fito fes. Gaskiya ne hanyar ta fi wuya, kuma ita ce mai saurin kuskure ta baya, don haka nake sa ɗalibaina su bar ninkin baya ya zarce layin ɗinki da milimita 2 ko 3, su kuma riƙe shi da ɗinkin hannu mai manyan taki wanda za a zare daga baya. Fil ba ya riƙe yadi mai hawa da yawa da kyau, lanƙwashewa yake yi.

Yaya, ina kuma ba ki shawara ki jiƙa atamfar da za ki yi bakin da ita ta bushe kafin ki yanka. Na taɓa rufe farin bargo da jan ƙyalle ban wanke ba, wankin farko ya zuba, har yau ina jin takaicin abin.

Tsohon Tela na Wadata, Yamai

Malama, ban musa ba, aikinki ya fi kyan gani. Amma bargon da yara za su ja, a wanke shi a kwano a matse, ɗinkin da ya hau kan ƙyallen ya fi riƙo. Hajiya, na manta da batun keken. Butterfly ba ya zuwa da ƙafar nan mai tafiya wadda ke jan yadin sama tare da na ƙasa, shi ya sa ƙyallen sama yake turuwa gaba ya yi tattara. Ki sassauta kusar da ke saman kan keken, wadda take danne ƙaramar ƙafar da ke riƙe yadi a ƙarƙashin allura, ki sa allura mai lamba 16, ki buɗe taki ya kai milimita 3. Ki kuma jawo tebur ko kujera ta hagunki ki ɗora nauyin bargon, domin idan yana rataye a ƙasa shi ne zai riƙa karkatar da layin, ke kuwa kina zargin hannunki.

Maman Ƴan Biyu, Tawa

Allah ya saka muku da alheri, Baba da Malama. Jiya da dare na farke abin da na yi, na gwada hanyar Baba a kan wani ƙaramin ƙyalle, kusurwa ta uku ce ta fara fitowa daidai. Kusar nan kuwa tun da na sayi keken ban taɓa taɓa ta ba. Saura tambaya guda: idan na zagayo na dawo inda na fara, yaya zan haɗa bakunan biyu ba tare da wurin ya yi tudu ba?