Keken tsauni: wane suna za mu raɗa wa hardtail da full suspension?

Jama'a, salamu alaikum. Ina neman masu Hausa a baki da masu hawan keke su taru su fitar da ni daga wani rami. Ƙanena zai sayi keken tsauni, ya ce in rubuta masa abin da zai duba. Hanyar da yake bi ta kasu uku: kwalta, sai burji mai tsakuwa, sai wani guntun yanki na duwatsu da saiwoyin itatuwa. Shawarar da zan ba shi na san ta sarai. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro kalmomi biyu ne na Turanci, hardtail da full suspension. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa, har yanzu ban sami abin da zai zauna a bakin Bahaushe ba.

Kafin wani ya tambaya, da gangan na ce keken tsauni ban ce keken dutse ba. Mutanen da suka raɗa wa keke suna dokin ƙarfe, in ka ce musu keken dutse sai su ɗauka da dutse aka sassaƙa shi.

Ga abin da muke nema wa suna. Na farkon, wato hardtail, fok ɗinsa na gaba (ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba) yana lotsawa idan taya ta daki dutse, amma bayansa firam ne a kafe, duk abin da tayar baya ta taka sai ya iso sirdi. Na biyun, wato full suspension, gabansa na lotsawa, bayansa ma haka. An raba firam ɗin gida biyu, an haɗa su da mahaɗai masu boris, an sa shokazoba a tsakani, don haka tayar baya tana hawa tana sauka ba tare da ta ɗaga mahayi ba. Iyakar bambancin ke nan, kuma a kansa duk zaɓin ya rataya.

To, amsar farko ta shigo: wai a fassara kai tsaye, a ce mai taurin wutsiya. Yaya, Allah ya bar zumunci, amma wannan ba za ta kwana ba. Keke ba shi da wutsiya a Hausa, baya yake da shi. Su ma Turawan a wurin masu babur suka aro kalmar, inda ake kiran babur marar shokazobar baya da ita. Har kamfanin Harley-Davidson ya fito da wani samfuri a 1984 ya sa masa Softail, wato mai laushin wutsiya, don ya yi kama da na dā a ido alhali an ɓoye masa shokazoba a ƙasa. Wasan kalma ne na cikin gidansu, in mun kwaso shi ba zai yi mana dariyar da yake yi musu ba.

Mai taurin baya fa? Ta fi, amma tauri a bakinmu ya riga ya yi ƙaurin suna: taurin kai, taurin bashi, taurin hannu. Duk wanda ya ji keke mai taurin baya zai ɗauka aibi ake faɗa, alhali ba aibi ba ne, tsari ne da wasu ƙwararru ke zaɓa da hankalinsu. Akwai wanda ya sauko da kalmar ƙasa da baya kaɗan. Wannan kam mun bar masa kayarsa.

Wani malamin Hausa ya kawo mai kafaffen baya. Malam, Allah ya ƙara sani, wannan ta burge ni, don kafewa ita ce ainihin abin, kuma ba ta ɗauke da zagi. Na kusa rufe maganar a nan. Sai na tuna akwai keke na uku, wanda ba ya lotsawa ko'ina, gaba ko baya. Shi ma bayansa a kafe yake. Kuma shi ne ma uban gidan: da aka fara wannan wasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a shekarun 1970, tsofaffin kekuna masu faɗin taya matasa ke hawa suna gangarowa daga tsauni, babu abin da ke sha musu jijjiga sai gwiwa da gwiwar hannu. Tseren da suka fara a 1976 sunansa Repack, saboda birkin da ke cikin cibiyar tayar baya kan yi zafi har giris ya ƙone, sai an sake cusa wani bayan an sauko. Ko Stumpjumper na kamfanin Specialized, wanda ya fito a 1981 yana cikin na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa, a kafe yake gaba da baya. Fok mai lotsawa sai wajen 1989 ya shigo da ƙarfinsa, lokacin da Paul Turner ya kafa RockShox. Don haka, Malam, ina roƙon a bar wa wannan dattijon keken kalmarka, mu kira shi kafaffe. Ya fi kowa cancantar ta.

Masu cewa mai sifirin da marar sifirin, a gafarce ni, kun faɗi rabin gaskiya. Da yawa daga cikin kekunan yanzu babu sifirin na ƙarfe a cikinsu, iska ce ake bugawa da ɗan ƙaramin famfo na musamman. Sannan ko da sifirin ɗin, shi kaɗai ba ya shan gargada, ajiye ta yake yi ya mayar maka. Abin da ke hana keken cilla ka sama bayan ya lotsa shi ne man da ke ciki, wanda ake tilasta wa bi ta ƙananan ƙofofi don ya rage saurin dawowa. Wanda ya taɓa hawan keke mai sifirin zalla ya san abin da nake nufi, sukuwa kawai yake yi da kai.

Sai ga wani dattijo mai gyaran keke da babur ya ce mu daina wahalar da kanmu, mai shokazoba ɗaya da mai shokazoba biyu, shi ke nan. Baba, ranka ya daɗe, ba na jayayya da kai a kan shokazoba. Kalmar ta zama tamu, duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san ta, kuma ba zan ƙirƙiro wata don in kore ta ba. Ƙirgen ne matsalar. Jiya na gwada: na nuna wa wani yaro hoton keke mai lotsawar gaba kawai, na ce shokazoba nawa ka gani? Ya sa yatsa a ƙafar fok ta dama, ya sa a ta hagu, ya ce biyu. Na nuna masa ɗayan, ya ce uku. Kuma bai yi kuskure ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. In muka ce mai biyu, rabin masu saye za su koma gida da wanda ba shi suka nufa ba.

Shi ya sa na bar ƙirge na koma ga wuri. Ina ne keken ke lotsawa? Ga abin da nake ba da shawara: gaba-kaɗai, da gaba-da-baya. Keken tsauni gaba-kaɗai, keken tsauni gaba-da-baya, sai kafaffe na Malam. Shi kuma tsarin lotsawar dukansa, na gaba ne ko na baya, idan ana son a ambace shi ba tare da nuna ƙarfe guda ba, sha-gargada. Ginin kalmar ba baƙo ba ne, haka muka gina hana-salla da fasa-ƙwauri da ci-rani.

Bari in gwada su a cikin shawarar da zan aika, don kalma sai an hau ta ake sanin ko tana ɗaukar kaya.

A kan kwalta, gaba-kaɗai ya fi. Duk ƙarfin da ka zuba a feda yana tafiya tayar baya kai tsaye. Gaba-da-baya kuwa, musamman in ka miƙe tsaye kana taka feda a hawa, za ka ji bayan yana ɗan lilo da kai, kowane taki yana cin wani abu daga ƙarfinka. Masu ƙira sun daɗe suna yaƙi da wannan lilon ta hanyar sauya wurin mahaɗai, kuma sun rage shi ƙwarai, sannan yawancin shokazobobin suna da wani ɗan maɓalli da ake murɗawa a kulle su. Amma nauyin mahaɗai da boris da shokazobar yana nan, sau da yawa kilo ɗaya ko fiye, kuma shi ba a kulle shi.

A kan burji mai ƙananan tsakuwa, abin mamaki, taya ta fi shokazoba aiki. Taya mai faɗi da aka rage wa iska kaɗan tana shanye wannan ƙaramar jijjigar tun kafin ta kai fok. Da yawa masu kukan gaba-kaɗai yana karya musu baya, iska suka cika wa tayar har ta zama kamar dutse.

A cikin duwatsu da saiwoyi ne gaba-da-baya ke nuna kansa, kuma ba don daɗin zama kawai ba. Na taɓa gangarowa wani wuri mai duwatsu jere a kan gaba-kaɗai, ina zaune a sirdi saboda gajiya. Tayar gaba ta haye lafiya, ta baya ta daki dutsen ta tashi sama, na matse birki a daidai lokacin da ba ta taɓa ƙasa, da ta sauko sai ta zame gefe. Tayar da ke sama ba ta birki, ba ta tuƙi. Aikin sha-gargadar baya shi ne ta riƙe tayar a ƙasa. Mai gaba-kaɗai dole ya miƙe a kan feda kamar mahayi a likkafa, ya saki gwiwa, ya zaɓi inda zai bi da ido. Yana koya wa mutum hawa, amma bayan awa biyu ko uku cinya na faɗa maka gaskiya.

Sai kulawa. Gaba-da-baya yana da boris a kowace mahaɗa, ƙura da laka na cinye su, za ka fara jin ƙara da ɗan wasa a baya. Shokazobar ita ma tana son a buɗe ta a sauya mai da roba lokaci-lokaci. Sannan idan kuɗin da za a kashe ɗaya ne, gaba-kaɗai yakan zo da fok da birki da giya mafi inganci, don ba a raba kuɗin da baya ba. Ni dai ga mai hanya irin ta ƙanena, wadda duwatsun ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, gaba-kaɗai mai lotsawar milimita 100 zuwa 120 na ce ya nema. In da duwatsun ne suka fi yawa, ko gangara ce doguwa, ko yana fama da ciwon baya, da na juya maganar. Masu gangaren tsauni zalla har wajen milimita 200 kekunansu ke lotsawa, amma wannan wata duniya ce.

Kun lura na yi ta cewa lotsawa ba wanda ya tsayar da ni? Ita ce nake so ta tsaya a madadin tazarar da fok ko shokazoba ke iya nutsewa, a ce zurfin lotsawa. Akwai kuma wadda ke faruwa da zarar ka zauna, tun ba ka motsa ba. A jikin sandar shokazoba akwai wani ɗan zoben roba. Ka tura shi har ya manne da bakin shokazobar, inda sandar ke shiga, ka hau a hankali, ka sauka a hankali, ka auna inda ya tsaya. A baya ana so ya kai kamar kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na zurfin duka. In ya wuce, ƙara iska, in bai kai ba, rage. Wannan na kira ta lotsawar zama.

Malam ya dawo da gyara, ya ce gaba-da-baya tana da wata ma'ana a bakin mutane, ta kai-komo, kada a ɗauka keken ne ke tafiya gaba yana komawa baya. Gaskiya ne, Malam, na yarda akwai wannan. Amma tunda kullum za ta zo ne a bayan kalmar keke, kuma a gefen gaba-kaɗai, ina ganin kunne zai raba. Baba kuma ya ce shi dai shokazoba ya sani, sha-gargada ta 'yan boko ce. Ban musa ba, Baba, kai da ƙarfen kake magana, mu da takarda.

Ƙanen nawa ya amso yanzu. Bai tambayi ma'anar ko ɗaya ba, cewa ya yi: “To Yaya, gaba-kaɗai ɗin, tayar inci 29 zan ɗauka ko 27.5?” Saura ɗan maɓallin nan da ake kulle shokazoba da shi. Na rubuta makulli, amma makulli na da ɗan mabuɗinsa, wannan kuwa murɗawa kawai ake yi. Wa ke da wadda ta fi?