Neman shawara: koyar da yara Turanci a gida ya gagare ni

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara kaina ya kulle. A Jidda muke, yarana biyu, Hanan shekara 6 da ƙaninta shekara 4, a gida nake koyar da su. Babansu ya dage sai Turanci saboda in mun koma Kano kar a mayar da su ajin baya. Da farko shugga ɗaya, wato gida ɗaya, muke da yayarsa, yaranta ne suka cika min yara da Larabcin titi, na yi magana aka ce ina raina 'ya'yanta, wallahi ba haka ba ne, aka yi ta kai ruwa rana har muka tashi, har yau in mun haɗu wurin biki gaisuwa ce kawai. To yanzu da safe muna Ƙa'ida Nuraniyya, littafin koyon baƙaƙen Alƙur'ani, bayan azahar in na ɗauko na boko sai Hanan ta fara rubutun Turanci daga dama zuwa hagu, b da d duk ɗaya ne a wurinta, shi kuma ƙaramin ina masa Hausa yana amsa min da Larabci. Jiya kakarsu ta kira ta bidiyo ta ce masa ina kwana, ya tsaya yana kallonta, sai da na yi kuka. Wanne zan kama wanne zan saki?

Ummu Abdallah:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ajiye Turancin nan, taura biyu ba ta taunuwa balle uku. Yarinya hannunta bai gama sabawa da alifun ba'un ba kin kawo mata wanda ake farawa daga hagu, dole ta rikice. Nawa biyar na raina a Makka, babu wanda ya taɓa Turanci sai da ya haddace izu biyar, yau ga su nan lafiya lau. Ki kai su tahfiz na masallacin unguwa, halas.

Baban Walid:
Hajiya a yi haƙuri, zamani ya canza. Su kansu makarantun gwamnati a nan tun 2021 daga aji ɗaya ake fara Turanci. Maman Hanan yaran suna da igama, takardar izinin zama? In suna da ita ki gwada yi wa babbar rajista ta Nur mana, shafin shiga makarantun gwamnati. Ni abin da ya karya ni kuɗin nan ne na iyali da gwamnati ke karɓa a wurin baƙi, riyal 400 duk wata kan kowane mutum, 4,800 a shekara kan yaro ɗaya, ga haya ga kuɗin makarantar kuɗi, a ƙarshe gida na mayar da su, yanzu sai dai waya.

Maman Hanan:
Maganar takardu a bar ta don Allah, ba ita na tambaya ba. Hajiya ai ban ce na bar Alƙur'ani ba, shi muke farawa da shi kullum. Kuma Turancin ba ra'ayina ba ne, babansu ne.

Anti Zainabu:
'Yar uwa ni a Maiurno ta Sudan na tashi, Hausa a gida, Fulatanci a makwabta, Larabci a makaranta, ba wanda ya haukace a cikinmu. Yaro yana haɗa harsuna ne kafin ya ware su, ba ciwo ba ne. Ke ki riƙe Hausa zalla, in ya amsa da Larabci ki maimaita masa da Hausa ki ci gaba da aikinki, babansu ya riƙe Turanci. Ita Hanan ki bar rubutun tukun, baki ya fara, ki ɗaga cokali ki faɗi sunansa, kofi, ƙofa, minti goma ya isa. In za ta rubuta ki sa mata jan ɗigo a hagun takarda ta san daga nan ake tashi. Mu da yaƙin Sudan ya tarwatsa tun 2023, jikokina har yanzu ba su ga aji ba, ki gode Allah.

Ummu Abdallah:
Minti goma ba karatu ba ne Zainabu. Kuma Larabcin da yaron ke yi na bagala ne, wato na kanti, ba fusha ba, Larabcin littafi, shi ya kamata a fara gyarawa. Na ga masu wannan haɗe-haɗen, yaro ya tashi ba Hausa ba Larabci ba Turanci.

Maman Sadik:
Ni katun na Turanci nake kunna wa nawa a YouTube, wata uku ya fara ƙirga har ashirin. Sai dai yanzu ba ya cin abinci sai da jawwal, wato waya, a hannu, kuma babansa ni yake ɗora wa laifi kullum kamar ni kaɗai na haife shi.

Maman Hanan:
Ni dai ba na ba su jawwal. Anti Zainabu na gode, amma babansu bayan asuba yake fita sai bayan isha'i, yaushe zai musu Turancin? Kuma rubutun ba zan iya bari ba, shi yake dubawa in ya dawo, in bai ga shafi a cike ba cewa yake ba mu yi komai ba.

Baban Walid:
To ke Turancin naki ya yake? Kuma yaushe ne komawar Kanon?

Ummu Abdallah:
Ki turo min lambar mijin naki Abu Abdallah ya yi masa magana. Matsalar daga wurinsa take.

Maman Hanan:
A'a Hajiya, bai ma san na rubuto nan ba.