Wa ya taɓa yin aiki da kilt na ulu a lokacin zafi?

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu aikin tarbar baƙi a ƙofar wani otal a Edinbara, kuma kayan aikin kilt ne, wato zanen nan mai ninki-ninki da mazan Sikotland ke ɗaurawa, haɗe da kwat da doguwar safa. Zan fara a watan Agusta, lokacin bikin wasanni da garin ke cika maƙil da baƙi, tsayuwar awa takwas kullum. Da na ɗaga shi a hannu sai na ji nauyinsa kamar na bargo. Don Allah wanda ya taɓa aiki da shi a zafi ya faɗa mini gaskiya. Sannan ga batun salla, domin iyakarsa gwiwa.

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, shekara huɗu na yi a irin wannan aiki, kwantar da hankalinka. Daga ƙasan ƙugu zuwa gwiwa ba za ka ji komai ba, iska na shiga ta fita fiye da yadda take yi a wando. Wahalar tana wuri uku: ƙugu, ƙafa da kafaɗa. Ranar 19 ga Yuli 2022, da zafi ya kai digiri 34.8 a kudancin ƙasar, wanda ba a taɓa ganin irinsa a nan ba, ina bakin ƙofa. Na san mutumin Kano zai ce wannan ai ba zafi ba ne, to amma gine-ginen nan an yi su ne don su riƙe ɗumi, ba fanka ba iyakwandishan. Da na tashi aiki na kwance ɗamarar, rigata ta ciki ta jiƙe sharkaf daga cibiya zuwa haƙarƙari, kuma safar ta bar mini zane a ƙwauri har washegari. Cinyoyina kuwa a bushe. Tun daga ranar na roƙi shugabanmu ya yarda mu riƙa cire kwat mu bar falmaran idan rana ta take, kuma ya yarda. Ka nemi wannan tun farko, kada ka jira sai jiri ya ɗebe ka.

Maman Ilham: Ni a shagon hayar kayan biki nake aiki a Gilasgo, kullum hannuna na cikinsu. Ɗan Gwammaja, ka duba takardar da ke liƙe a ciki. Cikakken kilt yadi takwas ne na ulu, kuma nauyin yadin ya bambanta: akwai mai oza 16, akwai mai 13, akwai mara nauyi wajen 11. Akwai kuma ɗinkin yadi biyar, ninkinsa bai kai zurfin wancan ba. Mai aikin tsayuwa ya nemi 13, in da hali ma na yadi biyar. Mai 11 ya fi sanyi amma yana saurin yamutsewa, kuma iskar Edinbara tana ɗaga shi.

Abin da Baban Hanifa ya faɗa game da ƙugu haka yake. Idan ka juya shi za ka ga an ɗinke ninkin daga sama, an sa wani yadi mai tauri, an rufe da shafi. Ga gaban ma ruɓi biyu ne, ɗaya kan ɗaya. Ka ƙara faffaɗan bel a kai, ina iska za ta bi? Idan aka dawo mana da kaya ranar Litinin bayan bukukuwan ƙarshen mako, a daidai wannan shafin muke ganin farin tabon gumi. Kada ka kuskura ka jefa shi a injin wanki. Ka rataye shi ya sha iska kowane dare, ka sa singileti na auduga a ciki ta shanye zufar.

Sadauki: Hajiya, to na roba fa? Na sayi mai arha a wani shagon 'yan yawon buɗe ido don zuwa kallon ƙwallo. Ba nauyi, amma ya manne mini a jiki kamar leda.

Maman Ilham: Shi ke nan matsalarsa. Ulu yana shan gumi ba tare da ka ji danshi ba, na roban nan kuwa riƙe shi yake a fata. Akwai wani haɗin yadi mai ɗan kyau da ake wankewa a gida, masu aikin kicin da ɗaukar faranti sun fi son sa, amma ba shi ake sayarwa da arha haka ba.

Malam Na Abadin: Game da salla, ni ma abin ya dame ni lokacin da na sa shi a bikin wani abokin aikina. A tsaye yana sauka daidai tsakiyar ƙoƙon gwiwa, amma da ka yi ruku'u bayan zai ɗaga. Abin da na yi shi ne na sa baƙin wando mai laushi da ya rufe gwiwa a ciki, safa ta haɗe da shi, ba wanda ya lura. Lokacin azahar kuma na zura jallabiya a kai. Kai da za ka yi kullum, ajiye jallabiya ɗaya a akwatinka na wurin aiki ya fi. Sai dai ka sani wandon zai rage maka iskar da ake magana, don haka ka nemi na auduga mara kauri.

Yaya Bala: Bari in ba ku na gida. Abokin karatuna ɗan Sikotland ya zo ɗaurin aurena a Kano cikin watan Afrilu, ya dage sai ya sa kayan gargajiyarsu don girmama ni. Na ce masa ya bar kwat ɗin a masauki, ya ji. Muna ƙofar masallaci wajen ƙarfe sha ɗaya, mu masu babbar riga mai sitati muna ta fifita da katin gayyata, shi kuwa abin da ya dame shi kawai safa da takalmi. Daga baya ya naɗe safar zuwa idon sawu. Da aka zo zama a kan tabarma ne ya rasa yadda zai yi, sai da aka kawo masa kujera. Dattawan unguwarmu sun karɓe shi hannu bibbiyu da na bayyana musu cewa tufar manya ce a ƙasarsu.

Sadauki: Ni dai a sito nake aiki, an hana mu sa duk abin da ke lilo saboda injuna da hawa tsani, kuma na ga dacewar hakan.

Ɗan Gwammaja: Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, na duba, mai oza 16 suka ba ni. Na yi wa matar da ke kula da kayan ma'aikata magana yau da safe, ta ce akwai mai 13 amma ƙugunsa ya fi nawa da inci biyu. Ana iya rage shi?

Maman Ilham: Inci biyu ba komai ba ne, madaurin fatar da ƙarafunan da ake ɗaure shi da su a ƙugu kawai za a matsar, ba a taɓa ninkin ba. Karɓo shi ka kai wa mai ɗinkin kilt, aikin yini ɗaya ne.